Goyo a Kan Ƙafa Uku

Masu iya magana kan ce ɗa na kowa ne. Gaskiya suka faɗa, amma duk wanda ya tashi cikin gidan Hausa ya san nauyin ɗan nan a bayan mutum guda yake sauka, kuma galibi bayan uwa ne. In bayan uwa ya gaza, sai a waiwaya a nemi wani bayan, ba kasafai kuma akan tsaya a tambayi mai shi ko ya yarda ba. Irin wannan al'amari ne ya taso a wani gida na Birnin Ƙonni a ƙarshen damanar 2024, har ya kai wani malamin lissafi ga yawon kasuwanni da rula cikin aljihu, yana awon tayoyin keken jarirai, masu shaguna suna kallonsa suna murmushi.

Matar gidan malama ce ita ma. Tana koyar da ƴan aji uku a wata lakwal ta bakin gari, can inda kwalta ta ƙare rairayi ya karɓa, tafiyar kamar kilomita 2 daga ƙofar gidansu. A tsakiyar watan Agusta ta haifi ɗanta na uku, namiji, kuma karo na biyu ke nan da sai an yi mata tiyata kafin ta sauka. Ranar da za a sallame ta likita ya ja mata kunne: kada ta ɗauki nauyi, kada ta matse wurin ɗinki, har sai jiki ya yi ƙwari. Wanda ya taɓa lura da yadda ake goyo zai gane abin da wannan gargaɗi yake nufi. Zane a ƙirji ake ɗaure shi, amma majanyi, wanda shi ke tallafe yaro daga ƙasa, zagayo da shi ake yi a ƙulle a ciki, kusa da inda wuƙar likita ta bi. Ga kuma ciwon baya da take fama da shi tun goyon ɗanta na biyu. Hawa kabu-kabu da ɗanyen ɗinki da ɗanyen jariri a kan hanya mai gargada kuwa, ko maƙiyi ba ya ba da wannan shawara.

Dokar ƙasa ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 14, shida kafin haihuwa, takwas bayanta, don haka hutun malama a tsakiyar Oktoba zai ƙare. A shekarar nan ambaliyar ruwa ta yi ɓarna a sassa da dama na Nijar, har gwamnati ta ɗage komawa makarantu zuwa 28 ga Oktoba, abin da ya ƙara mata ƴan kwanaki. Amma kwanaki ƙarewa suke yi, tambayar kuwa tana nan zaune tsakar gida: ranar da aka buɗe lakwal, wa zai kai jaririn, tunda nono yake sha, ba a barinsa gida tun safe har azahar? Maigidan a Malbaza yake koyarwa, in karatu ya kankama sai ƙarshen mako ake ganinsa.

Uwar maigidan ta zo daga ƙauyensu na ƙasar Illela, kusa da Badagishiri, don ta kula da jego, saboda mahaifiyar malama ta rasu. Ita ba ta ga wata matsala a nan ba. Ta sha ganin irinta, ta kuma san maganinta. Wata rana da la'asar, tana shafa wa jaririn mai, ta ce: "Malama, kwantar da hankalinki. In na koma sai in turo miki kishiyata, ɗiyar ƙanen maigidanki. Shekararta goma, tana da hankali, ta iya goyo tun tana ƴar bakwai. Ta goya miki mijina har lakwal, ta zauna da shi a inuwa, in ya yi kuka ta miƙo miki."

Malama ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Inna, Allah ya saka da alheri." Suruka ba ta ja-in-ja da uwar miji. Amma daren nan barci bai ɗauke ta ba, domin ta san yarinyar, ta kuma san aji biyar za ta shiga in an koma.

Babu malamin da ya yi aiki a lakwal ta gari ko ta karkara da bai san ƴan raino ba. Suna nan ƙarƙashin dogon yaro a farfajiyar makaranta, ƴan mata ƙanana da aka ɗauko daga ƙauye, kowace da jaririn wata malama a bayanta, tana jijjiga shi tana kai da kawowa. Sunansu ba ya cikin rajista, ba a kiransu da safe, ba a ba su allo da alli. Ta taga suke jin darasin da tsararrakinsu ke karɓa a zaune. Malama ta taɓa sanin wata daga cikinsu, wadda ta haddace jadawalin ninkawa kaf daga bakin taga, har takan raɗa wa ƴan aji amsa in sun kakare. Da yaron da take raino ya fara tafiya aka mai da ita ƙauye, bayan shekara biyu aka ji an ɗaura mata aure. Ba wanda ya yi haka da mugunta. Al'ada ce ta taimakon juna, kuma sau da yawa yarinyar takan fi samun ci da sutura a gidan da ta zo. Abin da ke da ciwo shi ne, malamar da ke tsaye gaban allo tana kiran iyaye su bar ƴaƴansu mata su yi karatu, ita ce da kanta ta cire ɗiyar wani daga aji don ta samu sukunin yin wannan kira.

Bayan tsohuwa ta kwanta, malama ta buɗe wa mijinta cikinta. Ta ce, "Malam, ba zan iya tsayawa ina koya wa ƴaƴan mutane karatu, ɗiyar ƙanenka tana bakin taga da ɗana a bayanta ba. In babu wata dabara, gara in ajiye aikin na shekara guda." Albashinta kuwa shi ke riƙe da rabin gidan. Malam ya daɗe bai ce uffan ba, sannan ya ce ya taɓa ganin wata mata a Yamai tana tura ɗanta cikin keke. Malama ta yi dariyar da ta sa ta dafe ciki. Ta ce, "A Yamai, kan kwalta. Nan fa, cikin wannan rairayi?"

Tambayarta tana kan hanya, domin keken jariri ɗan birni ne tun asalinsa. A 1733 wani mai zanen gine-gine da lambuna a Ingila, William Kent, ya ƙera wa ƴaƴan basaraken Devonshire wata ƙaramar karusa wadda akuya ko ɗan ƙaramin doki zai ja, abin nishaɗin ƴaƴan sarauta. A 1889 wani baƙar fatan Amurka, William Richardson, mutumin birnin Baltimore, ya yi rajistar keken da ake iya juya kwandonsa, yaro ya fuskanci mai turawa ko ya fuskanci hanya. A 1965 Owen Maclaren, injiniyan jiragen sama a Ingila, ya fito da mara nauyi, mai sandunan alminiyam, wanda ake naɗewa kamar laima. Mai ƙafa uku na zamani daga baya ya zo, kuma dalilinsa daban ne. A farkon shekarun 1980 wani ɗan jarida a garin Yakima na jihar Washington ta Amurka, Phil Baechler, ya so ya riƙa gudun motsa jiki tare da ɗansa, ya ga ƙananan tayoyi ba sa jure hanyar da ba a gyara ba, sai ya sa tayoyin keken hawa, biyu a baya ɗaya a gaba. A 1984 ya kafa kamfanin Baby Jogger. Malama ba gudu za ta yi ba, amma matsalarta da ta wannan Ba'amurke iri ɗaya ce: ƙasar da ba a daɓe ba.

Ranar Laraba, ranar kasuwar Ƙonni, malam ya fara nema. Ya tarar da guda biyu sababbi fil cikin leda, ƙirar Sin, masu launi mai ɗaukar ido, kowane da ƙafa huɗu na roba. Ya fito da rula ya auna, faɗin taya bai wuce santimita 15 ba. Ya roƙi mai shago ya bari a gwada, tunda sai an gwada akan san na ƙwarai. Aka aro buhun shinkafa mai kilo 5 aka kwantar a ciki, aka tura daga bakin shago zuwa tsakiyar hanya. Kafin taki biyar tayoyin gaba sun nutse, sun karkace, keken ya cije. Ba laifin maƙeri ba ne. Ƙaramar taya a ɗan ƙanƙanen wuri take sauke nauyinta, sai ta lume, rairayin da ke gabanta ya zame mata bango. Babba kuwa takan baza nauyin, ta haye tudun da ƙarama za ta tokara. Masu amalanken jaki sun daɗe da sanin haka, shi ya sa tayar mota suke sawa, ƴan ga-ruwa ma ba a ganin kurarsu da ƙananan ƙafafu.

Da Ƙonni ta gaza, sai ya tsallaka iyaka zuwa Illela ta Najeriya, takwarar ƙasar mahaifiyarsa, wadda ke kilomita kaɗan kudu da gari. An rufe wannan iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, aka sake buɗe ta a watan Maris na 2024, kuma a lokacin darajar naira ta faɗi ƙwarai, mai sefa a aljihu yana da ƙarfin ciniki. A wajen masu gwanjo, cikin tarin kayan Turai da suka sha hannu, tsakanin kekunan yara da tsofaffin akwatuna, ya hango mai ƙafa uku an jingine shi da bango, ƙura ta rufe shi. Rula ta nuna tayoyin baya santimita 40, ta gaba 30.

Bai yi gaggawar tayawa ba. Ya zo da tambayoyinsa rubuce a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko, shin mazaunin yana kwantawa sosai? Jaririn da bai kai wata shida ba wuyansa bai yi ƙwari ba, ba a zaunar da shi, kwantar da shi ake yi a miƙe, kuma da yawa daga masu ƙafa uku don manyan yara aka yi su. Wannan ya kwanta. Ta biyu, shin tayar gaba tana kulluwa? In tana juyawa yadda ta ga dama, daɗin sarrafawa gare ta a kan siminti, amma cikin rairayi sai ta yi ta rawa. In an kulle ta sai ta miƙe ta tsaga hanya. Ta uku, birki da maɗauri: ya taka birkin ya tura da ƙarfi, bai motsa ba, ya kuma ƙirga igiyoyin ɗaure yaro, biyu na kafaɗu, biyu na ƙugu, ɗaya ta tsakanin ƙafafu, duka biyar suna nan. Ta huɗu, faɗin keken, domin ya auno ƙofar zaurensu tun daga gida; abin da bai shiga zaure ba a titi zai kwana. Batun naɗewa da mai gwanjo yake ta yabo bai dame shi ba, tunda ba shi da motar da zai sa shi a bayanta.

Ta biyar ce ta fi tsayar da shi. Tayoyin na iska ne, su ke sa keken ya yi laushi a kan gargada, jariri bai ji jijjiga ba. Amma ƙasar Ƙonni ƙasar tsidau ce da ƙayar aduwa, kuma tayar iska ba ta da abokin gaba kamar ƙaya. Malam ya tsuguna ya karanta lambobin da ke jikin tayar, ya ga awonta ɗaya ne da na kekunan yara da ake sayarwa ko'ina, ke nan robar ciki ba za ta yi wuyar samu ba, mai faci kuwa kowane lungu akwai shi. Ya kuma gano wani aibi da mai kaya bai faɗa ba: da ya rataya jakarsa a mariƙi ya saki, sai gaban keken ya ɗaga. Ya rubuta a takardarsa cewa littattafan ɗalibai a kwandon ƙasa za a riƙa sa su, ba a mariƙi ba. Aka yi ciniki, mai gwanjo ya fara da abin da ya kai jikka 45, aka ƙare a 30.

Da la'asar ya shigo da shi tsakar gida. Inna ta ajiye tsintsiya, ta zagaya keken sau biyu, sannan ta dubi ɗanta, wanda ba ta kiran sunansa saboda ɗan fari ne. Ta ce, "Kai, albasar Galmi za ka ɗora a wannan amalanke, ko mijina?" Da ta ga ba wasa ake yi ba sai ta zauna a kan turmi ta yi magana ta sosai. Ta ce, "Ku takwas na goya a wannan baya. Yaro in yana bayanki, zazzaɓi bai taso masa ba sai fatarki ta gaya miki, tun kafin ya buɗe baki. In numfashinsa ya sake, kin ji. In yunwa ce, motsinsa daban. Yanzu za ku ajiye shi ƙasa-ƙasa, daidai bakin akuya da hayaƙin babur, ku ce kun ci gaba?"

Tsohuwa ba ta taɓa shiga aji ba, amma likitocin duniya sun iso inda take tsaye. A 1978, a wani asibitin haihuwa na birnin Bogota a ƙasar Kolombiya, kwalaben ajiye bakwaini suka yi ƙaranci, ana haɗa jarirai a kwalba guda suna ɗaukar cutar juna. Sai wani likitan yara, Edgar Rey Sanabria, ya sa a riƙa ɗaure bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata, ya sami ɗumi da nono a wuri guda. Dabarar ta bazu a duniya da sunan dabbar nan kangaru, wadda ke ajiye ɗanta cikin aljihun cikinta, kuma a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara yi wa bakwaini haka da zarar an haife shi. Turawan da suka ƙera keke ma yau suna sayen ƙyallen goyo da tsada, ana koya musu ɗaure shi. Ke nan keke ba ya yin aikin baya, kuma babu mai hankalin da zai ce a daina goyo. Abin da ake shawara a kai a wannan gida shi ne, bayan wa za a ɗora wa tafiyar kilomita 2 safe da rana.

Malam ya so ya lallashi uwarsa da ilminsa. Ya fara bayanin cewa abu mai ƙafa uku, ko ƙasa ba ta daidaita ba, duk ƙafafunsa sukan taɓa ta, mai huɗu kuwa sai ɗaya ta rataya yana gurgusa. Inna ta katse shi ta ce, "Murhu kake nufi. Na fi ka sanin tukunya ba ta rawa kan dutse uku. Amma murhu ba ya tafiya." Malam ya yi shiru, domin ta taɓo gaskiya. Mai ƙafa uku ya fi zama daram a tsaye, amma a kan gangare, ko in an karya kwana da sauri, ya fi mai huɗu saurin kifewa ta gefe. Dole mai tura shi ta bi a hankali, kada ta saki mariƙi, kada kuma ta ba yara su yi tsere da shi.

A nan ne malama, wadda ba ta sa baki ba tun farko, ta durƙusa kusa da turmin ta yi magana ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Inna, ki gafarce ni. Ba goyo na raina ba, jiki ne ya ƙi. Kishiyarki kuwa ita ce ta uku a ajinsu bara. In ta zo nan, shekara biyu za ta yi a bakin taga, kuma wadda ta bar aji shekara biyu ba ta komawa." Tsohuwa ta daɗe tana kallon ƙasa. Ita ma tana ƴar bakwai aka kai ta raino gidan gwaggonta, ba ta dawo ba sai da za a yi mata aure, abin da kowa a gidan ya sani amma ba a zancensa. Can ta nisa ta ce, "To, na ji. Amma da sharaɗi."

Sharuɗɗanta uku ne. Keke na hanya ne kawai. A gida yaro a jikin mutum zai zauna, a bayanta muddin tana nan, a ƙirjin uwarsa in ta tafi. In ɗinki ya warke kuma likita ya yarda, a koma goyo. Na uku, ta ce a lulluɓe keken da zane mai kauri saboda rana da ƙura, kuma a nan ne kaɗai aka roƙe ta ta sassauta, domin zanen da aka rufe keke da shi ruf yana tare iska, zafi ya taru a ciki kamar tanda, a garin da zafin Afrilu da Mayu kan haura digiri 40. Aka daidaita a kan rumfar keken da yankin gidan sauro, wanda iska ke ratsawa. Washegari Inna ta kwance ƙullin kayanta ta fito da wani tsohon majanyi na saƙi, wanda ta goya ƴaƴanta takwas da shi, ta ninke shi biyu ta shimfiɗa a cikin keken, ba ta ce wa kowa komai ba.

Ranar Litinin 28 ga Oktoba malama ta fito da sassafe, tayar gaba a kulle, littattafai a kwandon ƙasa. Yara suka bi ta a baya, masu shayi suka ajiye kofuna suna kallo, wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Malama, yau kuma an zama Anasara?" Ta amsa da murmushi ta wuce. Tafiyar da takan yi cikin rabin awa ta ci mata minti 45, amma ta isa ba tare da ta dafe ciki ba. Shugaban lakwal ya yarda a ajiye keken a kusurwar aji, kusa da teburinta. A mako na biyu tsidau ya huda tayar hagu, ta ja keken a karkace har wurin mai faci, ya karɓi dala ashirin. Tun daga ranar ta san inda tsidau ya fi yawa a hanyarta, takan kauce masa kamar yadda mai tafiya ba takalmi kan yi. Ƙarƙashin dogon yaro kuwa ƴan raino uku suna nan, keke guda bai tashe su ba, kuma ba kowace malama ce ke da jikka 30 ko mijin da zai tsallaka iyaka da rula ba.

Da hutun ƙarshen Disamba ya zo, Inna ta dawo daga ƙauye tare da kishiyarta. Yarinyar ta zagaya tsakar gida da keken har ta gaji da wasa, sannan ta ce a ba ta ƙanenta ta goya. Aka ɗora mata shi, ta ja zane ta ƙulle majanyi da gwanintar da kakarta ta faɗa. Ta goya shi don marmari, da bayanta ya gaji ta sauke shi ta miƙa wa uwarsa, ta ɗauko littafin lissafinta ta kai wa baffanta ya duba mata aikin hutu.